Wa Zai Ɗauki Alhakin Ƙa'ida In Ta Sauka a Kan Mutum?

Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar ɗaliban da ke karatun kasuwanci da gudanarwa a jami'a, ko a Amurka ne inda wannan fanni ya girma, ko a Ingila, ko a Kongo ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, zai tarar da wata tambaya wadda kullum takan dawo, sai dai a sauya mata sunaye: a ba ɗalibi labarin wani kamfani wanda ma'aikatansa suka yi sanyi, suna makara da safe, suna ajiye aiki tun lokacin tashi bai yi ba, haziƙan cikinsu kuwa suna ta barinsa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ce masa ya ɗauko ɗaya daga cikin nazariyyoyin da aka karantar da shi, ya ɗora ta a kan wannan matsala, ya faɗi magani. Ɗalibi mai hadda yakan gama amsa cikin sa'a guda, ya jero sunayen Taylor da Fayol da Maslow, ya ci makinsa. Amma ƙarƙashin wannan tambaya akwai wata tsohuwar mas'ala da ta wahalar da ma'abota falsafa da malaman fiƙihu tun ba a gina masana'anta ta farko ba, wato yaya hukunci gamamme, wanda aka tsamo daga halin wasu mutane a wani zamani, zai sauka a kan wani mutum ayyananne a wani wuri dabam. In kuma ya sauka ya cuce shi, a wuyan wa alhakin yake, wanda ya wallafa littafin, ko malamin da ya karantar da shi, ko manajan da ya zartar?

Gara a fara da mutumin da ake kira uban wannan fanni, domin a ga cewa mas'alar tana tare da fannin tun farkon kafuwarsa. Frederick Taylor injiniya ne Ba'amurke, an haife shi a Filadelfiya a 1856, ɗan gidan wadata wanda ya bar hanyar karatun lauya ya shiga masana'antar ƙarfe ya faro daga ƙasa, har ya ga da idonsa yadda leburori ke jan ƙafa da gangan, saboda sun daɗe da gane cewa ranar da suka nuna iyakar ƙarfinsu, ranar ce mai kamfani zai rage kuɗin da yake biya a kan kowane aiki. A 1899, yana tare da kamfanin ƙarfe na Bethlehem, sai ya sa aka tsaya da agogo a kan masu ɗaukar curin ƙarfe suna lodawa a taragon jirgin ƙasa, kowane curi nauyinsa wajen kilo 42, aka auna ɗagawarsu da takunsu da hutunsu. Kuma bisa ga abin da ya ruwaito a littafinsa na 1911, mutumin da a da yake loda tan 12 da rabi a yini ya koma loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Mai lissafi zai lura nan take cewa aiki ya ninka kusan sau huɗu alhali lada ko ninki biyu bai kai ba. Taylor da kansa ya yarda cewa cikin mutum takwas ɗaya ne kaɗai jikinsa zai jure wannan nauyi, bai kuma ɓoye ra'ayinsa ba cewa wanda ya dace da aikin shi ne mai ƙarancin tunani, wanda ɗabi'arsa ta fi kusa da ta bijimin sa. Masu binciken da suka koma ga takardun kamfanin a 1974 sun nuna cewa labarin ya sha gyara da ƙawa a hannun mai ba da shi, amma har yau ana karantar da shi.

Abu biyu ne suka cakuɗe a aikin Taylor, rabe su kuwa shi ne mafarin fahimta. Akwai awo, wanda ba wani mai hankali da zai yi gardama da shi: ya gwada shebur iri-iri har ya gano cewa ma'aikaci ya fi kwashe kaya da yawa a yini idan abin da yake ɗiba a kowane ɗagawa ya tsaya a kan kimanin kilo tara da rabi, wannan kuwa ilmi ne mai amfani da ke rage wahala. Akwai kuma zato game da ɗan Adam, cewa ma'aikaci ba ya motsi sai don kuɗi, cewa tunani rabon mazauna ofis ne, lebura kuwa rabonsa hannu da biyayya. Awo ana iya gaskata shi ko a ƙaryata shi da sikeli. Zato kuwa yakan shige cikin littafi ba a nemi hujjarsa ba, ya zauna kusa da alƙaluma har mai karatu ya ɗauka shi ma an auna shi. Ma'aikata su ne suka fara jin bambancin a jikinsu, domin a 1911, da aka kawo agogon nan masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown, masu zubin ƙarfe suka ajiye aiki suka fice. Majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamiti, ta kira Taylor ya amsa tambayoyi a 1912, a 1915 kuma ta hana a kashe kuɗin rundunar soja wajen auna ma'aikaci da agogo.

Waɗanda suka biyo baya sun zo da nasu zaton. Tsakanin 1924 da 1932 aka gudanar da gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, inda aka ƙara hasken fitila aiki ya ƙaru, aka rage shi aiki bai ragu ba. Elton Mayo na Jami'ar Harvard da abokansa suka fassara wannan da cewa ma'aikaci yana ƙara himma ne idan ya ga an kula da shi, kuma 'yan'uwansa na wurin aiki sun fi manaja iko da shi. A cikin wannan akwai gaskiya. Sai dai littattafan ɗalibai ba kasafai suke ambaton cewa cikin mata biyar da aka keɓe a ɗakin gwaji an cire biyu ana tsakiyar bincike, aka musanya su da wasu masu sauri ba. Maslow ya jera bukatun mutum hawa-hawa a 1943, daga ci da sha zuwa cikar kai. Herzberg a 1959 ya raba abin da ke hana gunaguni da abin da ke kawo ƙwazo, bayan ya zanta da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. Ɗalibin da zai ɗauki sakamakon wannan zance ya ɗora shi a kan mai shara wanda albashinsa bai fita ba wata uku, wajibi ne ya san daga bakin su wane ne aka ji shi.

Douglas McGregor shi ne ya fito da maganar zato fili, a littafinsa na 1960, inda ya ce kowane shugaba yana tafiyar da mutanensa ne bisa ɗayan zato biyu, ko dai cewa mutum malalaci ne sai an tsare shi, ko kuma cewa yana son aiki da ɗaukar nauyi idan aka ba shi dama. Shi ya karkata ga na biyu. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne abin da ya faru kafin littafin: ya shugabanci Kwalejin Antioch daga 1948 zuwa 1954, da zai sauka kuma ya rubuta cewa ya shigo da tsammanin shugaba zai iya zama mai ba da shawara kawai, ya kauce wa ɗacin yanke hukunci, kujerar ta koya masa cewa wannan kuskure ne. Ga malamin da ya san ƙa'idarsa fiye da kowa, amma waƙi'a ta nuna masa abin da ƙa'idar ba ta ɗauke da shi.

A nan ne nake ganin ɗalibin da ya tashi a gidan ilmin fiƙihu yana da gado wanda ya kamata ya shiga aji da shi, domin malamanmu sun daɗe da sanin cewa sanin hukunci daban, sanin inda hukuncin zai sauka daban. Imamu Shaɗibi, malamin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a 790 Hijiriyya, wato 1388, ya yi bayani a littafinsa Muwafaƙat cewa akwai wani nau'in ijtihadi wanda ba zai yanke ba har duniya ta tashi, shi ne tahƙiƙul manaɗi, tabbatar da cewa sifar da hukunci ya rataya a kanta lallai tana nan a wannan mas'ala da ke gabanka. Shari'a ta ce a karɓi shaidar adili, amma ba ta ambaci sunan kowane mutum ba, sai alƙali ya duba ko wannan da ke tsaye a gabansa adili ne. Ta wajabta ciyar da iyali gwargwadon hali, amma gwargwadon halin wane da wane sai an bincika. Ya kuma lura cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sha yi masa tambaya ɗaya a kan aiki mafi falala, yana ba kowane mai tambaya amsa dabam gwargwadon abin da ya fi gyara shi. Ya ƙara da cewa wannan irin duba sau da yawa yana bukatar sanin sana'a ne, kamar yadda likita ya san cuta, mai sana'a kuma ya san aibin kaya. Tun kafin shi, Imamu Ƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 684 Hijiriyya, ya gargaɗi mufti cewa idan baƙo daga wata ƙasa ya zo neman fatawa, kada ya ɗora shi a kan al'adar garinsa shi mufti, sai ya tambayi al'adar ƙasar baƙon ya ba shi fatawa da ita, ya kuma ƙirga daskarewa a kan abin da ke rubuce a littattafai cikin ɓata. Idan an faɗi haka game da rassan hukunce-hukuncen da suke da asali a wahayi, ina ga ƙa'idar da asalinta hirar da aka yi da mutum 200?

Ibnu Khaldun ya kai maganar wuri mafi ɗaci ga masu ilmi. A Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali don nuna cewa malamai su ne mafi nisan mutane daga iya siyasa, dalilinsa kuwa shi ne sun saba da tsamo ma'anoni gamammu daga abubuwa, suna ƙiyasta wannan da wancan, alhali al'amuran mutane kowanne yana da wata ɓoyayyar sifa da ke hana shi shiga ƙarƙashin ƙiyasi. Mutum mai matsakaicin hankali, wanda yake duban kowane al'amari a kan kansa, ya fi su tsira daga kuskure. Ya kuma ce sana'a malaka ce, wato ƙwarewar da ke kafuwa a jiki ta hanyar maimaita aiki a gaban gwani. Wanda ya haddace yadda ake yanka riga bai zama tela ba tukuna, sai ya riƙe almakashi ya auna kafaɗun mutane masu yawa.

Makarantun kasuwanci na Amurka ba su jahilci wannan giɓi ba, kuma adalci ne a faɗi ƙoƙarin da suka yi. An kafa ta Wharton a 1881, ta Harvard a 1908. Da Wallace Donham, wanda lauya ne, ya zama shugaban ta Harvard a 1919, sai ya aro hanyar makarantar lauyoyi ta koyarwa da shari'o'in da aka riga aka yi, ya mai da ita koyarwa da labaran kamfanoni. Labari na farko da aka rubuta a 1921 shafi ɗaya ne tak, a kan wani kamfanin takalma wanda ma'aikatansa ke ajiye aiki kafin lokacin tashi, aka bar ɗalibi ya nemo dalili. Wannan hanya ta yi kama da littattafan nawazil na malaman Malikiyya, waɗanda ke tara mas'alolin da suka auku da fatawoyin da aka bayar a kansu, kuma ta fi hadda nesa ba kusa ba. Aibinta ɗaya ne, amma babba: labarin yakan zo wa ɗalibi a tace, wani ya riga ya zaɓi abin da ya cancanci sani ya zubar da saura, alhali a wurin aiki wahalar duka tana cikin wannan zaɓen. Henry Mintzberg na ƙasar Kanada, wanda ya zauna da shugabannin ma'aikatu biyar, kowanne mako guda, yana rubuta abin da suke yi, ya bayyana a 1973 cewa rabin ayyukansu ba sa kai minti tara kafin wani abu ya katse su, kuma mafi yawan abin da suke dogara da shi magana ce ta baki. Ɗalibi kuma in ya gama muhawara a aji, ya ce a sallami mutum 300 domin a ceci kamfani, zai tashi ya tafi cin abinci. Bai ga fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, ba kuma wanda zai biyo shi gida da kuka. An koya masa yanke hukunci, an ɗauke masa nauyin hukunci, ni kuwa ina ganin wannan tarbiyya ce mai haɗari ga zuciyar saurayi.

Da a ce iyakar matsalar ita ce ƙa'ida takan kuskure wa wurin saukarta, da da sauƙi. Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Masanin taurari in ya yi kuskure a lissafinsa, wata ba zai sauya tafiyarsa don ya dace da kuskuren ba. Amma ƙa'idar da aka yi game da mutane, idan aka karantar da ita ga waɗanda za su shugabance su, takan mai da su abin da ta zata. Wannan ita ce hujjar Sumantra Ghoshal, malami ɗan Indiya a makarantar kasuwanci ta Landan, a maƙalarsa da aka buga a 2005, shekara guda bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa tun daga 1976, lokacin da Jensen da Meckling suka yaɗa nazariyyar da ke ɗaukar manaja a matsayin wakilin da zai ci amanar masu jari muddin ba a ɗaure shi da kwaɗayi ba, da kuma ra'ayin Milton Friedman na 1970 cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ya ƙara riba, makarantu sun yaye dubban mutane da aka gaya musu cewa son kai shi ne asalin ɗabi'a, kuma ilmi ya tabbatar da haka. Wanda aka tsare shi tsaron ɓarawo, aka nuna masa ba a jiran amana daga gare shi, sannu a hankali yakan daina ganin amana a matsayin wajibi, sai mai tsaron ya ce ga shi zatonsa ya tabbata, ya ƙara tsaro. Kamfanin Enron, wanda ya rushe a watan Disamba na 2001, tsohon shugabansa Jeffrey Skilling daga Harvard ya fito, tsarinsa kuma shi ne a riƙa jera ma'aikata daga na sama zuwa na ƙasa ana korar na ƙarshe, har kowa ya koyi cewa ɓoye asara ya fi faɗin gaskiya aminci. Bankin Wells Fargo ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da dole su buɗe, aka wayi gari a 2016 an gano asusu kusan miliyan biyu da aka buɗe ba da sanin masu su ba, aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikatan da aka kora a kan wannan kuwa sun kai 5,300.

Duk lokacin da na tuna waɗannan 5,300, sai in tuna ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta bayin Haɗib waɗanda suka saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya fara ba da umurnin a zartar musu da haddi, sa'an nan ya duba ya ga ubangijinsu yana barinsu da yunwa, sai ya juya hukuncin kansa, ya ci shi tarar dirhami 800, ninkin kuɗin raƙumar. Malik ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka tara ba, amma abin lura a nan shi ne inda Umar ya kai dubansa: ya san nassi sarai, ya kuma tambayi wane ne ya shirya halin da laifin ya tsiro a cikinsa. Manajan da ya kafa ma'aunin da ba a iya cika shi sai da ha'inci, shi ne farkon wanda za a tambaya, ko da hannunsa bai taɓa takarda ba.

Akwai shaida ta ɗaya ɓangaren kuma. Masana'antar motoci ta General Motors da ke Fremont a Kalifoniya ta yi suna wajen fashin aiki da husuma da lalatattun motoci, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka ɗauki ma'aikata waɗanda mafi yawansu ma'aikatan nan ne na da, aka ba kowannensu ikon ya ja igiya ya tsayar da layin aiki in ya ga aibi, aka kuma yi alkawarin ba za a yi musu kora ba sai in kamfani ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Fashin da a da yake kai ɗaya cikin biyar ya koma biyu ko uku cikin ɗari, motocin kuma suka shiga sahun mafi inganci. Mutanen su ne dai na jiya. Da General Motors ta so ta kai tsarin wasu masana'antunta, ta kwashi zahirinsa ta bar amincewar da ke ƙarƙashinsa, sai ta shekara da shekaru tana fama.

Mai karatu zai iya cewa, to, ashe magani shi ne a kyautata zato ga kowa a bar tsaro? Wannan ma ƙa'ida ce gamammiya, kuma tana da nata waɗanda za ta cuta, domin akwai maha'inta a duniya, kuma dukiyar masu jari ita ma amana ce, cikinsu akwai marayu da tsofaffin da suka zuba kuɗin fanshonsu. Mazhabar Malikiyya ta fuskanci wannan tambaya kai tsaye, ta kuma ba da amsa mai daidaito. Asali a wurinta ɗan ƙwadago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in an tabbatar da sakaci ko ta'adi. Amma masu sana'ar da suka kafa kansu don jama'a, irin su tela da marini, waɗanda suke karɓar kayan mutane su ɓuya da su, an lamuntar da su abin da ya salwanta, kamar yadda ɗan makarantar da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya sani, domin maslahar jama'a ba ta tsayuwa sai da haka. Aminci shi ne asali, tsaro kuwa togiya ce da ake kawowa inda dalili ya nema, gwargwadon dalilin. Nazariyyar 1976 ta juya wannan tsari, ta mai da togiya asali, a ganina kuwa nan kuskurenta yake.

Najeriya ma ta ɗanɗana aron ƙa'ida ba tare da duban wurin saukarta ba. Hukumar Jerome Udoji, wadda aka kafa a 1972 ta miƙa rahotonta a 1974, ta ba da shawarar a tafiyar da aikin gwamnati bisa tsarin cim ma manufofi, wanda Peter Drucker ya shahara da shi tun 1954, tare da gyaran albashi. Albashin aka biya har da ariya, farashi ya tashi, sunan Udoji ya zama sunan kuɗi a bakin jama'a. Tsarin manufofin kuwa, wanda yake bukatar shugaba da na ƙasa da shi su zauna su yarda a kan abin da za a auna su da shi, bai kama ƙasa ba.

Saura maganar alhaki, wadda ita ce asalin tambayar. Marubuci yana da rabonsa in ya sayar da zato da sunan awo, malami yana da nasa in ya karantar da sakamako ya ɓoye yadda aka same shi, amma kaso mafi girma yana wuyan wanda ya zartar, domin shi ne ya ga mutumin, ko kuwa yana da ikon ganinsa ya ƙi. Hadisi ya tabbata cewa kowane mai riƙon jama'a makiyayi ne kuma abin tambaya ne game da abin da aka ba shi kiwo. Ya tabbata kuma, a hadisin Abu Zarri, cewa waɗanda Allah ya sa ƙarƙashin hannun mutum 'yan'uwansa ne, ba a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora kuwa sai a taya su. Ranar hisabi ba wanda zai kare kansa da cewa haka littafin aji uku ya ce. Wannan ba ya rage darajar nazariyya ko kaɗan, domin ita ce ke buɗe wa mutum ido ya ga abin da da ba zai lura da shi ba: wanda ya karanta Herzberg zai tambayi kansa ko ƙarin albashi kaɗai zai warkar da sanyin gwiwa, wanda ya karanta Fayol zai lura in ma'aikaci ɗaya yana karɓar umurni daga shugabanni biyu. Amfaninta ke nan, ta ba ka tambayoyin da za ka shiga ma'aikata da su; amsar kuwa tana bakin mutanen da ke ciki.

Saboda haka roƙona ga malamanmu na jami'a, Allah ya ƙara musu basira, shi ne duk nazariyyar da za su karantar su haɗa ta da tarihinta, a kan su wa aka gwada ta, mutum nawa, a wace ƙasa, wa ya biya kuɗin binciken, kuma wane zato take ɗauke da shi game da ɗan Adam. Kada a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya zauna watanni a masaƙa ko asibiti ko shagon ɗan kasuwa, ya ji daga bakin masinja da direba da mai gadi, ya rubuta labarin matsalar da hannunsa kafin ya nemo mata suna a littafi. In kuma ya rubuta a takardar jarrabawa cewa a sallami ma'aikata, mai duba takardar ya tambaye shi su wane ne, shekara nawa suka yi suna aiki, da abin da za su ci a wata mai zuwa, kada kuma ya ba shi maki sai ya amsa.